Da Shuɗin Ake Farawa

Ranar da Nanise ta shigo gidan da kwalin littattafai a hammata, Finau na zaune a bayan ɗakin girki tana kankare kwakwa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta san takun. Duk tsibirin babu mai faɗowa gidan mutane haka, ba sallama ba gyaran murya, sai wannan yarinyar.

"Finau, tambaya na zo yi."

"Ranki ya daɗe. Yau kuma tambaya ake yi? Na zaci hannu kawai ake miƙawa."

Nanise ba ta kula ba, ko kuma ba ta gane ba. Ta dire kwalin a kan tabarma, ta zazzage littattafai shida. Finau ta dube su sau ɗaya ta kau da ido. Shuɗi, ja, kore, rawaya, fari, baƙi. Gefen shuɗin har yanzu da tabon man kwakwa, inda yatsan Losa ya saba riƙewa.

Losa 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, kuma an binne ta kafin a haƙe doyar bana. Shekararta goma sha biyar. Ciwon zuciya ne ya kwantar da ita, irin wanda ke farawa da ciwon maƙogwaro tun ana yara. Da ta daina iya zuwa makaranta, kawunta da ke aiki a birnin Okalani, can ƙetare, ya riƙa aiko mata da littattafan nan ta jirgin ruwa. Finau a aji huɗu ta bar makaranta, Turanci kuwa sai dai gaisuwa. Amma labarin nan ta san shi kamar tafin hannunta, don kullum da la'asar Losa kan jingina da bango ta mayar mata da abin da ta karanta cikin harshensu, ita kuma tana bugun ɓawon itacen da ake mayarwa ngatu, zanen gargajiyarsu. Labarin wata ƙasa ce da masu mulki ke karɓe wa talakawa barci, su ɗure shi a tuluna. Akwai yarinya mai fitila da ta fita nemo wa ƙanenta barcinsa, akwai kuma wata tsohuwa mai tulu da ke taimakonta.

Littattafan bakwai ne. Na bakwai, mai bango ruwan zinariya, shi ne Losa ba ta karanta ba.

Ya iso tsibirin. Abin da ke cin Finau ke nan, ya iso. Ranar da jirgi ya zo, mijinta Maka ya buɗe kwalin saƙo a bakin gaɓa, gaban jama'a, bangon ya ƙyalla a rana, Nanise ta gani ta miƙa hannu ta ɗauka. Nanise 'yar Akosita ce, Akosita kuwa yayar Maka ce, wato goggon Losa. Akosita ce fahu a gidan nan, wato babbar goggo, maganarta ce a sama. Abin da ita ko 'ya'yanta suka ɗauka a gidan ɗan'uwanta, alade ne ko riga, ya ɗauku, ba a cewa a dawo da shi. Maka ya sunkuyar da kai ya dawo gida da gwangwanayen nama.

Finau ta ce ya je ya roƙa. Ya ɗauki koma ya tafi teku. Sai ta wanke ƙafa ta je da kanta, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar Akosita, ta ce Losa ba ta barci, littafin kawai take kira.

Akosita ta ce, "Ikon Allah. Yau matar Maka ce ke bin 'yata bashi? Ki je, gobe za a duba."

An yi gobe da yawa. Littafin ya dawo ranar jana'iza, a saman tabarmin da gidan Akosita suka kawo, yana cikin ledarsa yadda ya fito daga kanti. Ko buɗewa ba a yi ba. Bayan binnewa Akosita ta zaɓi abin da take so cikin kayan mamaciya, kamar yadda aka saba, ta haɗa har da littattafai shidan. Na bakwai ba ta gan shi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Yanzu ga Nanise a zaune tana jujjuya su.

"An yi hutu, jirgi ya lalace, gari ba abin yi," in ji ta. "'Yan ajinmu da suka je birni ba su da zance sai na littafin nan. To ga lamba a gefen kowanne, farin ne ke da ɗaya. Amma na taɓa jin Losa tana cewa lambobin ƙarya ne. Da wanne ake farawa?"

Finau ta ajiye kwakwar. Amsar ta zo mata har kan harshe, da daɗinta: da farin. Ta tuna yadda Losa ke ɗaga shi tana cewa, "Masu buga littafin nan ba su da imani. Sun sa masa ɗaya don labarinsa ya riga na sauran faruwa. Amma wanda ya fara da shi ya kashe wa kansa komai." A cikin farin ne ake gane cewa tsohuwa mai tulu, wadda mai karatu ya ƙaunata har littafi huɗu, ita ce tun tana budurwa ta ƙirƙiro dabarar zare barci daga jikin mutum. Wanda ya san haka tun farko, sauran littattafan lami za su zame masa.

Kalma ɗaya, ta lalata mata su duka.

Ta ce, "Ki dawo gobe."

Da rana ta yi sanyi ta gyara tsohuwar tabarmar makoki da ke ɗaure a ƙugunta, ta ɗauki tsintsiya ta tafi maƙabarta. Ba nisa, bayan itatuwan kwakwa ne, a bakin teku. Ta share ganye daga kan farin yashin, ta gyara kwalaben da aka kife a kewaye, ta kakkaɓe bargon ado da ke rataye a wajen kai. Tana shara tana lissafi. In ta ce da farin, me zai faru? Yarinyar za ta karanta, ta shiga shuɗin tana hamma, kafin ta kai rabin jan ta watsar. Ta ce ashe abin da Losa ke mutuwa a kai ke nan, shirme. Ta koma wasan ƙwallonta. Har abada ba za ta san abin da ta ɗauke ba.

Finau ta tsaya da tsintsiya a hannu. Wannan ai ba ramuwa ba ce, rangwame ne.

Washegari da Nanise ta zo, har wurin zama ta gyara mata.

"Da shuɗin ake farawa. Farin nan ki tura shi ƙarƙashin gado, kada ko bangon bayansa ki duba sai na ce."

"Sai kuma wanne?"

"Sai kin gama. Ki zo ki ba ni labarin abin da kika karanta, in na ga ba tsallake kike yi ba, in faɗa miki na gaba."

"Kai, Finau! Makaranta kika buɗe?"

"In ba kya so, ga lambobi nan, ki bi su. Turawa ne suka rubuta, sun fi ni ilimi."

Nanise ta yi tsaki, amma shuɗin ta ɗauka. Har ta kai bakin shinge ta waiwayo. "Na bakwai fa? Mai ƙyallin nan. Yana wurinki ko?"

"Yana wurin ajiya. In kin kai, ni da kaina zan kai ki inda yake."

Ba a yi mako ba ta dawo, tana magana tun daga hanya. Wai ashe yarinyar nan a cikin kwandon kifi ta tsallake ƙofar gari! Wai ashe wanda aka zare wa barci idonsa kan koma kalar toka! Finau na ta saƙar tabarma har yarinyar ta ƙare.

"Kin manta karen."

"Wane kare?"

"Wanda tsohuwar ta ba shi ɗigon barci a tafin hannunta. Koma ki karanta. Gaggawar me kike yi, jirgi za ki hau?"

Ta koma. Daga nan aka shiga ja, aka shiga kore. Nanise ta daina zuwa filin ƙwallo. An gan ta a coci da littafi a cikin mayafi, sai da matar fasto ta yi mata magana. Kullum la'asar tana gidan kawunta, jingine da bangon nan dai, ƙafa a miƙe, hannu na yawo a iska. Tsohuwa mai tulu ta shiga ranta sosai. "Da ina da kaka irinta," in ji ta, "da ba wanda ya isa ya taɓa ni."

Finau ta ce, "Ai kuwa. Ki ƙara sonta."

Maka ya ga abin ya yi yawa. Wata safiya yana ɗinkin koma ya ce, "Ke, me kike ƙullawa da yarinyar nan?"

"Karatu nake koya wa 'yar yayarka. Laifi ne?"

"Na san ki, Finau. Rabon da ki yi wa wani murmushi tun kafin rasuwa. Yanzu kullum haƙoranki a waje, kuma ba na farin ciki ba ne."

"Kai dai je ka teku. Can ka fi iya magana."

Ya ɗauki komarsa ya tafi, ɗinkin ma bai ƙarasa ba.

Da aka gama rawaya, Finau ta ce, "To, yanzu ciro farin."

Wannan karon Nanise ba da gudu ta zo ba. Ta shigo a hankali, ido a kumbure, ta tsaya a tsakar gida, sai ta ɗaga littafin ta maka shi da ƙasa har kaji suka watse.

"Munafuka! Tsohuwar banza! Ni da nake sonta! Ashe duk tulunan nan ita ce... Finau, kin sani kika bar ni?"

A daidai wurin nan Losa ta jefar da shi, kusan da kalmomin nan, sai dai ita ba ta da numfashin ihu, a hankali ta yi zaginta tana haki. Kafin Finau ta ankara ta tashi ta ɗauko gasasshen rogo ta zuba masa ruwan kwakwa ta miƙa wa yarinyar. Sai da Nanise ta fara ci ta lura a kwanon Losa ta zuba, mai fure a baki.

Ta zauna tana kallon yarinyar tana ci tana share hanci da bayan hannu. Yarinya ce dai. Da ƙyar ta girmi Losa da shekara. Finau ta ji zuciyarta na neman yin laushi, sai ta rufe ido ta kirawo ledar nan, yadda take santsi a hannunta ranar jana'iza, ba ko yaga. Laushin ya koma inda ya fito.

"Ɗauki littafinki ki kakkaɓe," ta ce. "Saura baƙin."

Baƙin shi ne mafi kauri, amma shi Nanise ta fi saurin cinyewa. Finau ta san inda zai ajiye ta. Yarinya mai fitila ta isa rumbun da aka tara barcin ƙasar duka. In ta fasa tulunan, kowa zai samu nasa, amma waɗanda suka daɗe ba su runtsa ba, irin ƙanenta, ƙila in suka kwanta ba za su tashi ba. Tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa da mabuɗi. Yarinyar ta ɗaga sanda. A nan littafin ya ƙare. A nan Losa ta tsaya, tana tambayar rufin ɗaki ko yaron zai farka.

Da sassafe Nanise ta faɗo gidan, ko gashi ba ta taje ba.

"Ba ni na bakwai."

"Ina kwana, gimbiya."

"Ina kwana. Don Allah ba ni. Ta fasa ko ba ta fasa ba? Yaron ya mutu?"

"Ni ina na sani? Wadda ke ba ni labari ba ta kai nan ba. Ki dawo gobe, za a duba."

Gobe ta ce mata tana da wanki. Jibi Lahadi ce, ba a aiki. Ranar Litinin ta ce kanta na ciwo. Nanise ta yi roƙo, ta yi fushi, ta bincike ɗaki har ƙarƙashin katifa, tunda ba mai hana ta, ba ta samu komai ba. Ta ce ba ta iya barci. Finau ta ce, "Ayya. Haka yake yi wa mutane."

Sai ga Akosita da kanta, da lema da mafici, 'yarta na biye. Maka na hango yayarsa ya zame ta bayan gida. Akosita ba ta zauna ba.

"Matar Maka, wane irin wulaƙanci ne wannan? Yarinya ta rame, ba ta ci ba ta sha, a kan takarda. Kin manta ko wace ce ita a gidan nan? Fito da shi."

Finau ta miƙe ta gyara tabarmar ƙugunta. "Ai ba musu, ranki ya daɗe. Naku ne. Ku zo in kai ku."

Ta shige gaba suka bi ta, ta bayan coci, ta cikin itatuwan kwakwa. Akosita na mita a kan yashi da ke shiga mata takalmi. Nanise ce ta fara gane hanyar, takunta ya riƙa raguwa. Da suka iso Finau ta tsaya a wajen kai, ta nuna farin yashin da hannu.

"Ga shi nan. Yana kan ƙirjinta, cikin ngatun da aka naɗe ta. Ni na sa shi lokacin da nake shafa mata mai. Mai so ya miƙa hannu ya ɗauka."

Maficin Akosita ya tsaya. "Kin haukace."

"Ƙila."

"A kan wannan kika ja yarinya wata da watanni? To ki ji, yau zan aika Okalani a sayo wani."

"Ki aika. In an gyara jirgi zai zo. Nanise zuciyarta lafiya lau take, za ta iya jira."

Teku na ta aikinsa. Nanise ta durƙushe a gefen kwalaben, tana kallon yashin kamar za ta hango bangon ta cikinsa.

"A nan ta tsaya?" ta ce. "Inda ta ɗaga sandar?"

"A nan."

"Tana ta jira?"

"Tana jin ƙarar jirgi ta ce in tayar da ita zaune. Ta sa na wanke mata hannu don kada ta ɓata bangon." Finau ta matso. "Abu ɗaya nake so ki faɗa mini. Ko ledar ba ki cire ba. Me kika yi da shi duk kwanakin nan?"

Akosita ta ce, "Kada ki amsa mata."

Amma Nanise ta amsa, da ƙaramar murya. "Tagar ɗakina ce ke rufewa da kanta. Na tokare ta da shi." Sai kuka ya ƙwace mata, irin mai fitowa daga ciki. "Ban sani ba, Finau. Na rantse ban sani ba."

"Na yarda," in ji Finau. "Yanzu kin sani."

Ta juya ta bar su a nan. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, kuma ta ji, ba za ta yi ƙarya ba, ta ji shi har tafin ƙafa. Da ta isa gida ta jawo gungumen bugu daga inda ya kwanta tun rasuwa, ta jiƙa ɓawo, ta ɗauki mabugi. Matan gari, da suka ajiye bugu saboda makoki, sun daɗe da komawa bugunsu, ita kaɗai ce ba ta taɓa ba. Ran nan har unguwar gaba sun ji nata. Sai da la'asar ta yi ta ga ashe rogo biyu ta gasa. Ta dubi bangon da ba kowa a jikinsa, ta jefa wa alade ɗaya.

Akosita ta daina amsa gaisuwarta a coci, ta kuma aiko aka kama babban aladen Maka, wanda yake kiwo don Kirsimeti. Maka dai ya ɗauki komarsa ya tafi teku. Nanise ba ta sake zuwa ba.

An daɗe kafin a gyara jirgi. Ranar da ya yi kuka a bakin gaɓa Finau ba ta je ba, tana kan bugunta. Can da la'asar ta ji ana sallama a bakin shinge, har sau biyu. Ta ɗaga kai. Nanise ce a tsaye a waje, ba ta shigo ba, ta rungume wani abu mai ƙyalli a ƙirji.

"Ya zo," ta ce. "Ban buɗe ba. Na ce ko in karanta in riƙa ba ki labari."

Finau ta dubi ledar. Ita ma tana so ta san ko yaron ya farka, ta kwana da tambayar nan ta tashi da ita fiye da yadda za ta iya faɗa wa kowa.

"Ba ni ke jira ba," ta ce. "Kin san hanya. Ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya."

Yarinyar ta tsaya jim, sannan ta bi ta bayan coci. Ba a daɗe ba iskar teku ta fara kawo muryarta tsinke-tsinke ta cikin itatuwan kwakwa, tana karantawa da Turanci tana mayarwa da harshensu. Finau ta ji an ambaci fitila. Ta ji an ambaci ƙofa. Sai ta damƙe mabugi da hannu biyu ta shiga bugu da ƙarfi, ba tsayawa, don kada kalma ɗaya ta shiga kunnenta kafin Losa ta gama ji.